Kaffarar Mudir

Makarantar da na yi sakandare a Gadarif ta kanisa ce, wato coci, ko da yake mu Musulmi mun fi yawa a cikinta. Da Baba ya yanke shawarar kai ni can, wasu 'yan uwa sun yi ta surutu. Ya ce musu lissafi ba ya salla kuma ba ya zuwa coci, shi abin da ya sani malaman can suna shiga aji. Daga nan babu wanda ya sake tayar da zancen a gabansa.

Shugaban makarantar, wanda muke kira Mudir, dattijo ne daga duwatsun Nuba, dogo, mai gwiwa ɗaya da ta daina yi masa biyayya. Yana cikin dattawan kanisarsu, ran Lahadi ma wani lokaci shi ke wa'azi, sauran kwanakin kuma mu ne muke shan ragowar wa'azin a tabur, wato layin da muke yi kowace safiya a tsakar makaranta. Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita: kujerar da yake kai aro ce, Mai ita yana sama, kuma wata rana zai tambaye shi yadda ya zauna a kanta. Mu kuwa a bayan layi sai mu ce, aron da aka shekara ashirin ba a aiko karɓa ba ai ya zama kyauta.

Yana da wata ɗabi'a kuma da ta fi damun mu 'ya'yan Hausawa. Ba ya yarda a durƙusa masa. Ranar da na fara zuwa, na shiga ofishinsa na tsuguna na gaishe shi yadda aka koya mini a gida. Sai na ji ƙarar kujera, na ɗaga kai, na ga wannan dogon mutum yana saukowa ƙasa a hankali, gwiwarsa tana ƙara kamar ana karya kara. Da ya iso daidai fuskata ya ce, "Ɗana, me muke nema a nan ƙasa?" Ya ce gwiwa ta Allah ce, idan na ba shi tawa to dole shi ma ya ba ni tasa, kuma tasa ba ta da lafiya, don haka in tausaya masa. Manyan ɗalibai sun daɗe da gane amfanin wannan. Duk lokacin da ya ba su haushi sai su nemo sabon yaro Bahaushe mai tarbiyya su ce ya je ya gaida Mudir.

Shekara ɗaya kafin abin da zan ba da labari, yaran cikin gari suka addabe shi da fashin makaranta. Wasu suna kasuwa, wasu suna gidan kallon ƙwallo. Wata safiya ya fusata a tabur, ya ɗaga hannu sama ya rantse da Allah cewa duk ɗan ajin ƙarshe da ya yi fashin kwana goma ba zai saka sunansa cikin masu zana jarrabawar shahada ta kammala sakandare ba, ko da ɗan cikinsa ne. A shekarar dokar ta ci ɗan wani babban ɗan kasuwa. Uban ya zo da mota mai sanyi, ya shiga ofis, ya fito fuska a murtuke. Mako guda Mudir yana tafiya kamar gwiwar ta warke.

Da na shiga ajin ƙarshe aka naɗa ni alfa, wato mai kula da aji da riƙe littafin kiran suna. Ba don ana jin tsorona aka ba ni ba. Ni mutum ne da idan malami ya kira sunana sai muryata ta maƙale. An ba ni ne saboda rubutuna. Ina son layi ya miƙe, ina ja da rula, ina amfani da baƙin biro kaɗai, kuma ban taɓa barin gurbi ba a cike ba. Na fi kula da littafin nan fiye da yadda nake kula da rigata.

Sai riɗi ya nuna. Wanda bai taɓa noma shi ba ba zai gane ba. Dawa tana iya jiranka, riɗi ba ya jira. Da ganyen ya yi rawaya, kwanaki kaɗan gare ka ka yanke ka ɗaure ka jingina dami-dami, in ba haka ba kwanson ya tsage, wahalar damina duka ta zube a baƙar ƙasa tsuntsaye su yi walima. A shekarar ma'aikatan da Baba ya saba ɗauka daga wajen Gallabat ba su iso da wuri ba. Ya tattara duk wanda ke da hannu biyu a gidan, har da ni. Na gaya masa dokar Mudir. Ya ce kwana shida za mu yi. Muka yi goma sha biyu, ban da ranakun hutu.

Ba zan ce na amfane shi sosai ba. Rana ta biyu na yanke yatsa da lauje. Damin da nake ɗaurewa sun fi na kowa kyau, sun kuma fi na kowa kaɗan. Baba ya tsaya a kaina ya kalle su ya ce, "Wannan ai sai a kai wa amarya." Duk da haka bai sallame ni ba.

Da na dawo makaranta na karɓi littafina daga hannun mataimakina, abokin zamana a benci, wanda ba ya ɗaukar komai da zafi. Na buɗe na ga ya cike mini kwanakin nan goma sha biyu da alamar na zo. Da shuɗin biro. Alamomin kuma sun karkace, wata ta hau layi, wata ta faɗo. A ƙasa da sunana da samansa akwai mutum shida 'ya'yan manoma, waɗanda biyu daga cikinsu na gan su da idona a gonar da ke kusa da tamu, su kuwa ya rubuta musu fashinsu daidai, don ba abokansa ba ne.

Zan so in ce tsoron Allah ne ya kama ni. Wataƙila akwai shi kaɗan. Amma abin da na fi tunawa shi ne shuɗin biron nan ya tsaya mini a rai. Lokacin fatur, wato karin kumallo, da kowa ya fita cin wake, na zauna na ɗauko rula na soke alamomin ɗaya bayan ɗaya, na rubuta fashi da baƙi, na sa hannu a gefe.

Abokina ya dawo yana suɗe yatsa, ya leƙa, ya daina suɗewa.

"Me ka yi?"

"Na gyara."

"Ka gyara. Na fitar da kai daga rijiya, ka koma don ka manta takalminka." Ya zauna ya dafe kai. "Wallahi na taɓa ganin jaki, amma ban taɓa ganin mai kyawun rubutu irinka ba."

Ran Alhamis ake kai wa Mudir littattafan. Ran Asabar ya aiko a kira ni. Ya buɗe shafin a gabansa, ya daɗe yana kallo.

"Shuɗin na wa ne?"

Na ƙura wa shafin ido.

"To, baƙin fa?"

"Nawa ne, Ustaz."

"Ka san abin da ka rubuta wa kanka?"

Na ce na sani. Ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce ni ne ɗalibin da yake sa ran zai fitar da makarantar kunya a shekarar, kuma da na bar shuɗin da bai taɓa ganewa ba. Sannan ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan sunana, ya bi sauran shidan. Layinsa ma bai miƙe ba. Ya ce, "Na rantse, ɗana. A gabanku duka."

Abin da wannan ke nufi a gidanmu a fili yake. Baba ya riga ya faɗa tun farkon shekara cewa wannan ce ta ƙarshe da zai ɗauki nauyin karatuna. In na ci, jami'a. In ban ci ba, akwai kawuna a Mafaza da ke neman mai tsare masa shago. Na taɓa kwana uku a shagon. Abin karantawa ɗaya ne a cikinsa, bayan gwangwanin madara.

Na gaya wa Inna, ita ta gaya wa Baba, don ni ban iya ba. Bai yi faɗa ba. Washegari Lahadi ce, makarantarmu ba ta buɗewa. Ran Litinin da hantsi ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya naɗa rawani, ya ce in wuce gaba.

A hanya na yi ƙoƙarin gaya masa zancen durƙuso. Ya ce in rufe masa baki, shi ya san yadda ake shiga wurin manya tun kafin a haife ni.

Ya cire takalmi a ƙofar ofis, ya yi sallama, ya shiga, ya tattara riga ya durƙusa a gaban tebur. Na rufe ido. Na ji kujera ta ja baya, na ji sanda, sannan na ji ƙarar da na sani. Da na buɗe ido dattawa biyu suna ƙasa suna kallon juna, ni kaɗai ne a tsaye a kansu. Wannan kuwa ya fi komai muni, sai ni ma na sauka. Malamin tarihi ya turo ƙofa da kofin shayi a hannu, ya gan mu mu uku a kan siminti, ya ja ƙofar a hankali ya koma.

"Ustaz, tashi don Allah," in ji Baba. "Ni na zo roƙo."

"Alhaji, sai ka tashi."

"Ba a roƙo a tsaye."

"To mu yi a nan."

Baba ya gyara zama, da alama ya ga ba shi da mafita. Ya ce laifin nasa ne, shi ya ɗauke yaro, kuma yaron ma bai tsinana masa komai ba a gonar, asara biyu ke nan. Ya ce riɗi ba ya jiran mudir.

"Na sani," in ji Mudir. "Ni ma ɗan manomi ne. Ranar da na yi dokar 'yan gidan ƙwallo nake gani a gabana, na manta da masu gona. Amma na riga na kira sunan Allah a kai."

"Rantsuwar ce kaɗai matsalar?"

"Ita ce."

Sai na ga fuskar Baba ta saki, irin sakin da take yi idan makaniki ya ce masa abin da ya lalace a tarakta ƙaramin ƙarfe ne. Ya matsa kusa. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, kaffara za a yi. Ya shiga lissafa masa da yatsu kamar mai koyar da yaro alwala: in mutum ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi alherin, ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku.

"Dawa tana nan, ni zan kawo," ya ce. "Miskinai kuma ba sai ka je nesa ba. Na ga malamanka a waje."

Mudir ya yi dariya har sai da ya dafa ƙafar tebur. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Da ya nutsu ya ce, "Alhaji, mu ba mu da wannan ƙofar. Mu cewa aka yi kada mu rantse sam."

Baba ya kalle shi da mamaki na gaske. "An hana ku?"

"An hana mu."

"To kai me ya kai ka?"

Na so ƙasa ta buɗe in shige, ga ni kuma kusa da ita. Amma Mudir bai ji haushi ba. Ya ce, "Fushi. Da kuma daɗin a ji tsorona."

"To ka ga," in ji Baba, "laifin ka riga ka yi shi tun bara. Yanzu abin da ya rage, ko ka tsaya a ɗaya, ko ka haɗa da na ɗana su zama biyu."

"Da na mutum bakwai. Amma akwai yaron bara. Ubansa ya zauna a kujerar can ya roƙe ni, na ce masa na rantse. In na buɗe wa naka, me zan ce game da wancan? Ba uban nake nufi ba. Wanda zai tambaye ni nake nufi."

Baba ya gyara rawaninsa. Ya ce, "Wannan kam tsakaninku ne."

Mudir ya ce a ba shi kwana uku. Sai maganar tashi ta zo. Baba ya ce ba zai miƙe kafin mai wuri ba, Mudir ya ce ba zai miƙe kafin baƙo ba, gaskiyar kuwa ita ce babu wanda zai iya miƙewa a cikinsu ba tare da an ja shi ba. Ni na kama wannan da hannun dama, wancan da na hagu, muka taso tare kamar ana ɗaga rumfa.

Kwanakin nan uku na yi su a aji ba ɗalibi ba, ba baƙo ba. Ina kiran suna, ina tsallake nawa. Aka lura Mudir ba ya aikowa a kawo masa fatur, mai shayi ma ta ce ya mayar mata da kofi. Da na faɗa a gida Baba ya buga cinya.

"Kwana nawa ya ce?"

"Uku."

"Kuma ba ya cin abinci. Kaffara ce. Kunya ce ta hana shi faɗa."

Na ce su ma suna da nasu azumin. Ya ce in bar shi da abin da ya gani.

Abokina kuwa, da yake kasuwa ce gidansa na biyu, shi ya kawo labarin da ya fi wannan. Ya ce ya ga Mudir da la'asar a ƙofar ma'ajiyar ɗan kasuwan nan, yana tsaye a rana da sandarsa, mai wurin yana zaune a inuwa yana duba buhuna, ko kujera bai sa an ba shi ba. Ya ce ya fi rabin sa'a a haka. Na ce me suka ce? Ya ce shi daga nesa yake, kuma rake yake sha.

Rana ta huɗu, ran Alhamis, a tabur muka shirya wa dogon wa'azi, sai ya yi gajere. Ya ce bara ya ɗauki sunan Allah ya mai da shi sanda ya doki yara da shi, alhali shi ma ɗan aike ne, ba a aike shi da wannan ba. Ya ce ya kai ƙarar kansa wurin dattawan kanisa, sun saurare shi, sun kuma karɓe masa ikon cire sunan kowa shi kaɗai, daga yau sai malamai sun zauna. Ya ce ya je ya nemi gafarar mutumin da ya ɓata wa ɗa shekara, ba a yafe masa ba, kuma mutumin yana da gaskiya, don shekara ba ta dawowa. Sannan ya karanta sunayenmu bakwai ya ce an mayar da su. Amma karatun da muka rasa sai mun rama: Juma'a goma sha biyu, bayan an sauko daga masallaci, shi da kansa zai koyar. Ya ƙara da cewa akwai mutum na takwas, mai shuɗin biro, ya san kansa.

Na zaci wurin zai yi tsit don girmamawa. Ya yi tsit, amma irin na mutanen da suka ga babba ya zame a laka. Kafin azahar labari ya zaga cewa Mudir ya tsufa. Makonnin da suka biyo baya masu zuwa a makare suka ƙaru, wani ma ya yi masa gardama a gaban aji, abin da ba a taɓa yi ba. Ina kallonsa yana haɗiye abin da da can zai fito da shi da tsawa. Wani lokaci ya kan fara ɗaga hannun nan sama, sai ya tsaya a rabi, ya sosa kunne.

Su shidan ma ba duka suka gode ba. Ɗaya ya tare ni a bakin famfo ya ce ya riga ya samu aikin yaron mota a hanyar Fau, har ya gaya wa budurwarsa, yanzu ga shi ubana ya dawo da shi aji. Abokina bai yi mini magana ba sai Juma'a ta uku, ita ma don ya ari rula ne.

Juma'o'in nan sun yi zafi. Makaranta ba kowa, rufin kwano yana ƙuna, mu takwas da cikinmu cike da abincin rana, shi kuma yana gaban allo yana zana koguna. Labarin ƙasa ne fanninsa, don haka ko wane darasi aka ce za a rama, a labarin ƙasa ake ƙarewa. Bai taɓa fashi ba, bai taɓa makara ba. Ran nan aka yi rasuwa a unguwarsu, ya je jana'iza ya dawo da ƙurar maƙabarta a takalmi, ya ɗauki alli. Ni nake kiran suna a wannan ajin ma. Ya ce in riƙa sa nasa a ƙarshe, ina kira yana amsawa.

Na zana jarrabawar tare da kowa. Da sakamako ya fito na samu abin da zai kai ni jami'a, aka nemo wa kawuna wani mai tsaron shagon. Na kai wa Mudir takardar a ofis, na miƙa masa a tsaye. Ya sa tabarau ya bi ta da yatsa daga sama, yana gyaɗa kai a kan Larabci, a kan tarihi, a kan Turanci. Sai yatsan ya tsaya. A duk darussan, labarin ƙasa ne na fi samun maki kaɗan.

Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau.

"Juma'a goma sha biyu," ya ce.

Na ce, "Da zafi, Ustaz."

Ya ninke takardar ya ba ni, ya ce in gaida Alhaji, in kuma ja masa ƙofa in na fita.